Faɗuwata a Ɗakin Ɓeraye

Satina na farko a Indiya a ɗakin ajiyar kaya na yi shi, bayan ofishin masu gadin makarantar, ni da karyayyun kujeru da akwatina biyu. Ejen ɗin da ya haɗa mini takardu a Kaduna ya rantse cewa gado yana jirana a hostal ɗin mata. Da na isa, matar da ke kula da hostal ɗin ta kalle ni tun daga kitso har takalmi, ta ce ita ba ta san da zuwana ba, kuma babu wuri. Washegari ina tsaye 'yan mata biyu suka zo da katifunsu, ta miƙa musu makulli tana dariya. Na kira ejen, lambarsa ba ta shiga. Har yau ba ta shiga.

Sai na shiga gari neman haya. Ƙaramin gari ne a kudancin ƙasar, mai zafi kamar an kifa wa mutum tukunya. Wani mai gida ya ce 'yan Afirka ƙwaya suke sayarwa. Wata tsohuwa ta tambaye ni ta bakin jikarta ko ina cin nama, da na ce e sai ta tura ƙofa a hankali har ta rufu. A ƙarshe wani tela ya ba ni ɗaki a saman shagonsa, rufin kwano, dab da layin dogo. Duk sanda jirgi ya yi kuka sai in ji kamar ina kwatas ɗin reluwe a Kafanchan, Mama tana kirana in sauke gwaten acha daga wuta. Sai in buɗe ido in ga fankar da ba ta juyawa.

Sunana Rahila. Iyayena mutanen Fadan Kaje ne, amma a Kafanchan na girma domin babana a reluwe ya yi aiki har Ubangiji ya kira shi. Ilimin magunguna na karanta, na je Indiya ne in yi digiri na biyu a kan maganin farfaɗiya. Ba da ka na zaɓi wannan fanni ba. Ni kaina ina da ciwon. Ina aji biyu a sakandare na fara faɗuwa, a filin asembili, na farka na ga yara sun yi da'ira daga nesa, wani malami yana ihu kada kowa ya taɓa yawuna. Mama ta kai ni wurin masu addu'a, ta kai ni asibiti, a asibitin aka ɗora ni a kan ƙwayar da nake sha safe da yamma. Kafin tafiyata na yi shekaru masu yawa ban faɗi ba. A gida mutum uku ne suka san har yanzu ina shan maganin: Mama, yayana Bulus, da Istifanus wanda zai aure ni in na dawo. A Indiya ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban faɗa ba.

Malamin da aka haɗa ni da shi, Farfesa kawai zan kira shi. Gajere ne, mai fara'a, mai son a ce yana da kirki. Ranar da ya fara ganina ya tashi ya ba ni hannu, ya ce, "Madam Najeriya, ke ce 'yata ta farko daga Afirka." Daga ranar bai sake kiran sunana ba sai in ransa ya ɓaci.

Shi ya kai ni ɗakin ɓeraye da kansa. Wani dogon gini ne a can ƙarshen makarantar, bayan bola, warin fitsarin ɓera da ɓuntun shinkafa yana tarbar mutum tun daga nesa. Ciki akwatunan roba ne jere a kan kantoci, kowanne da fararen ɓeraye masu jajayen idanu. Aikin ba shi da wuyar fahimta. Ba a ɗaukar sabon sinadari a ɗura wa mutum don a ga ko yana hana farfaɗiya, a kan ɓera ake farawa. Za ka raba ɓerayen gida-gida. Gida ɗaya ka ba su ruwan gishiri kawai, gida ɗaya ka ba su tsohon maganin da kowa ya san yana aiki, sauran ka ba su sabon sinadarin, wasu kaɗan, wasu da ɗan yawa. In an jima sai ka tayar musu da ciwon da hannunka. Ko dai ka yi musu allurar wani ruwa mai haddasa jijjiga, ko ka maƙala musu waya a kunnuwa ka sakar musu lantarki na ƙiftawar ido. Daga nan ka zauna da agogo ka zuba ido. Wanda magani ya kare zai ci gaba da shinshine-shinshinensa. Wanda bai kare ba, za ka gani.

Wani ɗalibi mai suna Dipak, wanda ya riga ni shiga, shi ya nuna mini a ranar. Ya kama ɓera ta wutsiya, ya cafke fatar wuyansa, ya soka masa allura a ciki, ya ajiye shi a akwatin gilashi. Da farko ba komai. Sai gashin bakinsa ya fara rawa, kansa ya yi ta fizga, wutsiya ta miƙe tsaye. Can sai ya faɗi gefe, ƙafafun gaba suna ta harbi, daga baya na baya suka miƙe sanƙam kamar an ja su da igiya. Dipak ya danna agogo yana taunar cingam.

Ni kuwa na ja da baya. Wanda yake faɗuwa ba ya ganin faɗuwarsa. Abin da na sani game da nawa ciwon shi ne ɗanɗanon ƙarfe a baki kafin, da ciwon jiki da cizon harshe bayan. Abin da ke tsakani ban taɓa gani ba. Na tsaya ina kallon ɗan ɓeran nan ina cewa a raina, ashe wannan ne yaran asembili suka gani.

"Kina jin tsoron ɓera ne?" in ji Dipak.

Na ce masa zafi ne ya dame ni.

Wata biyu na farko ɓeraye sun ciccije ni har na daina sa filasta. Daga baya na gwanance. Ni ce farkon zuwa, ni ce ƙarshen tashi. Farfesa yana da wata yarjejeniya da wani ƙaramin kamfani, suna aiko masa da garin sinadarai a ƙananan kwalabe ya gwada musu. Da ya ga ina da haƙurin zama, sai ya tattara kwalaben ya jibge mini. Na tambaye shi yaushe zan fara nawa binciken, ya ce, "Wannan ai shi ne naki. Duk abin da ya fito, sunanki ne a gaba." Na yarda. Na kira Mama na ba ta labari, ta ce da Hausarta ta mutanenmu, wadda ba ta raba mace da namiji, "To, Yesu ya riƙe ka. Amma kana sha magani naka ko? Kar ka bi ɓera ka manta kanka."

Mutum ɗaya ce a ginin nan take ganina a matsayin mutum. Sunanta Kamala, ita ke wanke akwatuna da canza ɓuntu. Baƙa ce kusan kamar ni, siririya, ta manyanta, ƙafafunta duk faso. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu. Da hannu muke hira. Ranar da ta ga ina cin busasshen burodi da rana a bakin famfo, ta ƙwace ta jefa wa hankaki, ta buɗe ganyen ayaba ta raba shinkafarta da nono gida biyu. Tun daga ranar kullum da rabona take zuwa. Takan taɓa kitsona ta girgiza kai don mamaki. In an gama gwaji aka zuba matattun ɓeraye a leda, kafin ta ɗauka sai ta haɗa tafin hannunta biyu ta yi wata 'yar magana ƙasa-ƙasa. Ɗalibai suna mata dariya. Ni ban taɓa yi ba, don ni ma a zuciyata ina cewa Ubangiji ya gafarta mini.

Yawancin kwalaben nan ba su da amfani. Wasu ba sa kare komai, wasu suna kashe ɓeran tun kafin a tayar masa da ciwo. Sai a shekara ta biyu na ci karo da wani gari ruwan ɗorawa. Lamba ce a jikin kwalbarsa, amma ni Ɗorawa nake ce masa. Na ba ɓeraye, na yi musu allurar jijjiga, suka ci gaba da wanke fuskokinsu kamar ba abin da ya faru. Na ɗauka kuskure na yi. Na sake da sabbin ɓeraye, haka. Na gwada da lantarki, ƙafafunsu ba su miƙe ba. Sannan na ɗora su a kan sanda mai juyawa, wadda ake gane ko magani yana sa maye da ita, domin tsofaffin magungunan suna sa ɓera ya yi ta zamewa yana faɗowa. Nawa suka yi ta tafiya a kai garau. Wanda bai taɓa zama a aji kansa cike da hazon ƙwaya ba, ba zai san abin da na ji ba. Na fita bayan ginin na durƙusa a kan ciyawa na rera waƙar godiya da Hausa, Kamala tana tsaye da bokiti tana kallona.

Farfesa ya yi murna har ya saya wa kowa alewa. Ya ce saura mataki ɗaya, wanda ya fi kowanne cin rai. Za a riƙa yi wa ɓeraye 'yar ƙaramar allura yau, a tsallake gobe, a yi jibi, haka har makonni, sai ƙwaƙwalwarsu ta koyi ciwon ya zama nasu, kamar na mutum. Sannan a ga ko Ɗorawa zai hana. In ka kuskure ranar allura ko ɗaya, aikin ya lalace, sai ka faro daga farko.

Ina tsakiyar wannan damina ta sauka, sauro ya cika ɗakina, zazzaɓin da suke kira dengi ya kwantar da ni. Ƙasusuwana kamar ana farfasa su da guduma. Abin da ya fi tayar mini da hankali amai ne, domin duk ƙwayar da na haɗiya sai ta dawo. Na kira Farfesa na roƙe shi Dipak ya riƙe mini allurar har in tashi.

"Dipak yana da nasa aikin," in ji shi. "Kuma hannu biyu a kan gwaji ɗaya yana ɓata sakamako, kin sani. Kamfani yana jira. Rahila, ɓeraye ba su san kina zazzaɓi ba."

Na tashi na sa farar riga na tafi. Na sani sarai jikin da bai yi barci ba, bai riƙe magani ba, jiki ne mai neman faɗuwa. Amma makonni na zuba a cikin ɓerayen nan.

Da hantsi ne. Na yi wa rabinsu allura, ina riƙe da ɗaya a hannun hagu, sai na ji ɗanɗanon ƙarfen nan ya cika mini baki, wani abu yana tasowa daga cikina zuwa maƙogwaro. Na san shi kamar yadda na san muryar Mama. Na mayar da ɓeran akwatinsa, na rufe allurar, na ce bari in zauna a ƙasa. Ban san ko na kai ba.

Da na dawo hayyacina, kaina yana kan cinyar Kamala. Ta warware gefen zanenta ta rufe mini ƙugu, domin na jiƙe. Tana share mini baki da hannunta tana wata magana mai kama da rarrashin jariri. Ɗalibai suna tsaye a bakin ƙofa. Farfesa yana gefe da agogon gwajina a hannu. Da ya ga na buɗe ido ya sunkuyo ya ce, "Sannu. Bai daɗe ba, na duba."

Aka kai ni asibitin makarantar, aka ƙara mini ruwa, aka gyara mini magani. Farfesa ya aiko mini da lemo. Na ce a raina ashe mutumin kirki ne. Da na warke na koma, na tarar an canza makullin ɗakin ɓeraye.

Na same shi a ofis. Ya ba ni kujera, ya yi magana a hankali kamar mai ta'aziyya. Ya ce kwamitin makaranta ba zai yarda mai irin lalurata ta riƙe allura ko ta taɓa na'urar lantarki ba, don lafiyata. Ya ce Dipak ya karɓi ɓerayen, yana ƙarasawa.

"Sa, ka ce hannu biyu yana ɓata sakamako."

"Yanzu dole ce."

"Shekaru ban faɗi ba. Zazzaɓi ne ya jawo, kuma na roƙe ka hutu."

Ya cire tabarau ya goge. "Me ya sa ba ki gaya mana tun farko ba?"

"Da na gaya muku, da kun ɗauke ni?"

Ya juya yana kallon taga. Can ya ce zai ba ni wani aiki mai sauƙi, in zauna a laburare in tattara abin da wasu suka rubuta a kan magungunan farfaɗiya, da shi zan gama digirina. Na fito na bi ta bayan ɗakin ɓeraye. Kamala ta hango ni ta taga, ta ɗago akwatin ɓerayena ta nuna mini suna nan lafiya.

Na ɗauka nan ne ƙarshen abin. Bayan wasu makonni sashenmu ya shirya taron bita, ɗalibai suka zo daga kwalejoji da dama. Ni aka sa in raba ruwa da biskit. Da na gama na zauna a kujerar baya. Farfesa yana bayanin matakan jijjiga a jikin ɓera, yana nuna bidiyo a babban allo. Sai ya ce, "Kullum ɗalibai suna tambaya, me ya haɗa ɓera da mutum? Yau za ku gani da idonku."

Allon ya rabu biyu. A hagu farin ɓera a akwatin gilashi. A dama wata mace kwance a kan siminti cikin farar riga. An dusashe fuskarta. Hannuwanta baƙaƙe ne, kanta da kitso.

Ban gane ta nan take ba. Takalmin na fara ganewa.

Na ga bayana ya banƙare. Na ga hannuwana sun dunƙule suna bugun ƙasa, na ji wani gurnani yana fita daga bakina wanda ban san ina da shi ba. Farfesa ya tsayar da hoton, ya ɗora jan haske a kan ƙafafun ɓeran, ya matsar da shi kan nawa. "Ku lura da miƙewar nan. Iri ɗaya ce." Biro ya yi ta motsi a kan takardu. Sannan wani ya waiwayo. Na kusa da shi ma ya waiwayo. Kafin bidiyon ya ƙare, rabin ɗakin ni suke kallo, ina zaune da kwalin biskit a cinya.

Ban san yadda na fita ba. Dipak ya biyo ni har gindin bishiya, yana cewa Farfesa ne ya ce ya ɗauka da waya don a nuna wa likita, shi bai san za a kai shi allo ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Ban tsaya na ji sauran ba.

Da aka tashi na shiga ofishin Farfesa ba sallama.

"An rufe fuskarki," ya ce. "Ba wanda zai gane ki."

"Sa, baƙar mace nawa ce a makarantar nan?"

"Kina ɗaukar abin da zafi. Ke masaniyar kimiyya ce. Yara da yawa sun fahimci darasin yau saboda ke, ya kamata ki yi alfahari."

"Ka tambaye ni?"

"Da na tambaye ki, da kin ƙi," ya ce, kamar wannan ne ya wanke shi.

Na kai ƙara ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Mutumin da ke wurin ya sa aka kawo mini shayi, ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya tuna mini cewa bizata a hannun makaranta take, takardar kammalawata kuma sai Farfesa ya sa hannu. Ya ce, "Ki ɗauke shi kamar uba. Ki je ki ba shi haƙuri." Kuma na je. Wannan ne abin da har yau yake tsaya mini a wuya. Na tsaya a gaban teburinsa na ce ya yi haƙuri na ɗaga masa murya, domin na tuna gonar cittar da Bulus ya jinginar kafin in hau jirgi. Ya yi murmushi ya ce ya yafe.

Na ƙarasa watannina a laburare. Kafin in taho, rahoton binciken Ɗorawa ya fito a wata mujalla. Sunan Dipak a gaba, na Farfesa a ƙarshe, na wani mutumin kamfani a tsakiya. Nawa yana can ƙasa cikin ƙananan haruffa, inda ake gode wa waɗanda suka taimaka da kula da dabbobi. Ko sunan ma ba su rubuta daidai ba. Abin da ya zama da garin daga baya ban sani ba. Irin waɗannan sinadarai da yawa a kan ɓera suke ƙarewa.

Ranar da zan bar garin, Kamala ta zo tasha da ƙafa. Ta miƙo mini ƙunshin ganyen ayaba ta tagar jirgi, ta kama fuskata da hannu biyu ta yi ta magana, hawaye yana bin kuncinta. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ce mata, da Hausa, Allah ya saka. Ita ma ba ta ji ba.

Abin da ban sani ba shi ne bidiyon ya riga ni isowa gida. An raba wa mahalarta taron darussan a wayoyinsu. Wani ɗan Najeriya da ke karatu a wata kwalejin ya gani, ya gane ni daga zumuntar da muke yi wasu Lahadi, ya tura wa rukunin ɗalibanmu da rubutu a ƙasa: a sa 'yar'uwarmu a addu'a. Daga nan ya shiga rukunin matasan cocinmu. Kowa da niyyar alheri ya tura.

Bulus ne kaɗai ya zo tarbata a tashar mota da keke. Na tambaye shi ina Istifanus, ya ce aikin makaranta ya riƙe shi. Sai bayan kwana biyu ya zo, ya zauna a bakin kujera kamar baƙo, yana juya makullin mashin a hannu.

"Mamana ya gani," ya ce.

"Ai kai ka sani tun da."

"Na sani. Amma ji daban, gani daban, Rahila. Mamana ya kira 'yan'uwa, sun yi mitin. Suna maganan yara, wai za su gada."

"Kai me ka ce musu?"

Ya ce mu ba abin lokaci, mu yi ta addu'a. Na raka shi bakin ƙofa. Bara aka ɗaura masa aure a Kajuru, na ji an ce amaryar nas ce.

Yanzu ina aiki a kemis ɗin wani dattijo ɗan Ibo, abokin babana tun zamanin reluwe, kusa da babbar kasuwa. Shi bai tambaye ni komai ba, ya ce kawai, "Nwa m, zo ka fara Monde," wato 'yata, ki fara ranar Litinin. Takardar digirina tana cikin akwati. Wasu masu saye ba sa karɓar magani daga hannuna, sai in ajiye a kan kanta su ɗauka. Wasu kuma, mata musamman, sukan jira shago ya watse su matso su rage murya su ce yaronsu yana faɗuwa, ni da na je ƙasar waje ko na samo maganin. Sai in ba su tsohuwar ƙwayar nan mai sa barci, in ce su kai shi asibiti, kada su tsallake ko rana ɗaya.

Mama ba ta da babbar waya, don haka ita kaɗai ce a unguwar ba ta gani ba, sai dai ta ji ana ƙus-ƙus a zumuntar mata. Wata Lahadi bayan sujada muna zaune a tsakar gida tana tsince wake, ta ce, "Kawo abin nan da suna magana. Ina so na gani."

"Mama, ba kyau."

"Ni na haife ka. Kawo."

Na buɗe na miƙa mata. Ta riƙe wayar nesa da fuska, ta kalla tun daga farko har ƙarshe ba ta ƙifta ba. Na jira ta yi kuka, ba ta yi ba.

"Wannan ai na sha gani," ta ce. "Tun kana ƙarami ni nake ɗaga ka. Mayar min baya." Na mayar. Ta sa yatsa a gefen hoton, inda wata siririyar mace ta jefar da bokiti ta shigo da gudu ta zube a ƙasa. "Wannan matan da ya sa kai naka a cinya, wane ne shi?"

"Sunanta Kamala. Mai wanke akwatunan ɓeraye ce."

"Kamala," ta maimaita a hankali, don ya zauna mata. "Zan kai sunan shi zumunta. Yana da yara?"

"Ban sani ba, Mama. Ba ma jin yaren juna."

Ta dube ni, ta sake duban matar. Sannan ta miƙo mini wayar, ta jawo tiren wakenta.

"Goge shi."

Na goge shi daga wayata a gabanta. A wayoyin sauran mutanen Kafanchan kuwa yana nan.